Yadda ake gane batirin mota ya gaji

Batirin mota na yau da kullum na dalma ne da asid, wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. A ciki akwai sel, wato ƙananan ɗakunan da ke ba da wuta, guda 6, kowanne na ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa lafiyayyen batir mai cikakken caji ke nuna 12.6 a mitar auna bolt. Yawanci yana kai shekara 3 zuwa 5, amma zafi na cin sa sosai don yana ƙafar da ruwan ciki, a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafin bazara ke wuce digiri 40 sau da yawa ba ya kai haka.

Alamar farko ita ce da safe, ka murɗa makulli kik ya ja da nauyi ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas kawai fitilun dashbod na dushewa. To amma fa wannan kaɗai bai isa a ce batir ya mutu ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi wallahi, su sayi sabo bayan kwana kaɗan matsalar ta dawo, alhali altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ba ta caji, ko kan batir ne ya yi farin garin nan ya saki, ko wata waya ce ke shan wuta cikin dare.

Gwajin bai da wuya. A bar mota ta kwana a kashe sannan a sa mita, 12.4 da sauƙi, 12.0 caji ya kusa ƙarewa, idan kuwa an yi masa caji ya tsaya wajen 10.5 to galibi sel ɗaya ya tafi. Amma gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne lokacin tayarwa, wani ya riƙe mita wani ya murɗa makulli, in ya faɗi ƙasa da 9.6 bayan an cika shi da caji, batir ya gaji ko da ɗazu ya nuna 12.6, domin tsohon batir yana iya nuna lamba mai kyau amma ba ƙarfin juya inji. In mota ta tashi a sake aunawa, ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.5, ƙasa da haka a kai wa mai rewaya ya duba altaneta.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage yana yoyo, ko yake warin bara-gurbi lokacin caji, wannan ba sai an auna ba, a cire shi kawai kuma kar a kusanto da wuta ko sigari don iskar da yake fitarwa tana kamawa. Mai murfi kuma idan ruwansa ya ja ƙasa tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba.