Ɗan kawu miji ne, ɗan baffa wa ne: tambayoyi kan zumuncin Telugu

Su wane ne Telugu?

Mutanen jihohin Andhra Pradesh da Telangana ne a kudancin Indiya. Ƙidayar 2011 ta nuna masu jin harshen sun haura miliyan 80. Da yawansu sun yi ƙaura zuwa Amurka, musamman Dalas da Niyu Jasi, galibi don aikin kwamfuta.

Mene ne menarikam?

Auren zumunci ne tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wato namiji ya auri 'yar kawunsa ko 'yar gwaggonsa. Harshen ma ya riga ya share hanya. A Telugu, kalmar mama na nufin kawu, kuma shi ne suruki. Atta gwaggo ce, ita ce kuma suruka. Yarinya tana kiran ɗan kawunta da ya girme ta bava, sunan da ake kiran mijin yaya, wata ma da shi take kiran mijinta. Shi kuwa yana ce mata maradalu. Tsakaninsu akwai tsokana da barkwanci tun suna ƙanana.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don wasan taubasai ke nan.

To ai iri ɗaya ne da namu?

A'a, a nan aka rabu. Mu muna aurar 'yar baffa ba tare da wani ya ɗaga gira ba. A wurin 'yan Hindu na Telugu wannan abin kunya ne babba. 'Ya'yan wan uba, ƙanen uba ko 'yar'uwar uwa duk 'yan'uwa ne kamar na ciki ɗaya: anna da akka ga manya, tammudu da chelli ga ƙanana. 'Yar baffa tana da sunan gida ɗaya da kai, da gotram ɗaya, wato zuriyar uba, kuma ba a aure a cikinsa. 'Yar gwaggo kuwa ta bi gidan ubanta, don haka ta fita daga layin.

Me ya sa yaran da suka tashi a waje suke ƙyamar abin?

Turanci ne ya haɗa musu kowa a kwando ɗaya. Kalma guda ce ke ɗaukar ɗan kawu da ɗan baffa, alhali Telugu ta raba su tun daga suna. A ce yarinya 'yar shekara goma a Dalas tana waya da kakarta, tsohuwar ta ce cikin dariya, “Ga bavanki nan, mijinki, gaishe shi.” Yarinyar ta fassara a ranta da Turanci, sai ta yamutsa fuska. Kakar wasa take yi, jikar kuwa abin da ta ji shi ne an ce ta auri ɗan'uwanta.

A ganina iyaye kan yi kuskure idan suka fara da kare auren. Gara a fara da sunayen: wa ake kira anna, wa ake kira bava, da dalili. Yaron da ya riƙe wannan zai gane yadda aka yi kakansa ya auri 'yar kawunsa, ko da shi ba zai taɓa yi ba.

Doka da likitoci fa?

Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana auren dangi na kusa, amma ta bar ƙofa inda al'ada ta amince, kamar a kudu. A Amurka kusan rabin jihohi sun hana, har da Tekzas inda Dalas take. Likitoci na cewa haɗarin haihuwar yaro da nakasar gado yana tashi daga kusan kashi 3 cikin 100 zuwa kusan 6, ya kuma ƙaru idan gida ya daɗe yana maimaita auren. A biranen Indiya ma abin yana ja baya, sai dai tsokanar bava da maradalu tana nan a wuraren biki.