Taron koyon maganin gargajiya: me ake koya, kuma ina ruwansa da itatuwan daji?

Duk wanda ya saba bin tsofaffin titunan Kano ko Zariya ko Kaduna da ƙafa ya san itatuwan madacin nan da aka jera tun zamanin Turawa. Wata rana ka tsaya ka dubi gindinsu. Daga ƙasa har iya inda hannun mutum yake kaiwa, babu inda gatari bai taɓa ba. Wani wurin ya warke ya yi ƙululu, wani wurin ja wur, ruwa na tsattsafowa, da alama da asubar nan aka sassaƙa. Masu neman maganin basir ne da na shawara da na ciwon ciki. Irin wannan gani ne ya sa tarukan da ake yi kan maganin gargajiya suka daina tsayawa a kan "wannan yana maganin kaza", suka shiga batun itacen kansa.

Wane irin taro ake nufi?

Iri-iri ne. Akwai na hukuma, wanda aka fi sani shi ne na ranar 31 ga Agusta, Ranar Maganin Gargajiya ta Afirka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya take raya ta kowace shekara tun 2003. Ranar ake jawabai da baje kolin magunguna. Akwai na jami'o'i da cibiyoyin bincike, irin sashen nazarin magungunan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja. Sai na ƙungiyoyin masu maganin su kansu. Sai kuma ƙaramin zama na ƙauye, inda za a haɗa boka da ungozoma da maɗori da maharbi da Bafulatani makiyayi da malamin gona, a zauna a inuwa da safe, da yamma a shiga daji.

Na ƙarshen nan shi ne ya fi kwanta mini. A ɗakin taro na otal za a iya kwana uku ana magana a kan itaciyar sanya, a watse rabin mahalarta ba su taɓa ganin ta a tsaye ba.

Ai magani gado ne, kuma sirri. Me zai sa mai shi ya zo ya zazzage a gaban jama'a?

Ba ya zazzagewa, kuma ba a nemi ya yi ba. Haɗin da mutum ya gada wurin mahaifinsa, wanda da shi yake cin abinci, nasa ne. Abin da ake musaya shi ne wanda kowa yake ƙaruwa ba wanda ya ragu: yadda ake gane itace, lokacin ɗibarsa, yadda ake shanya shi kada ya yi fumfuna, wanda bai kamata a ba mai ciki ba, da cutar da ba ta jira, wadda dole a tura asibiti.

Sannan gadon ma ya fara tsinkewa. A da yaro yana bin uban daji da jaka da 'yar gatari tun yana ƙarami, yana gani yana riƙewa. Yanzu yana makaranta ko yana birni neman kuɗi, wasu dazuzzukan ma ba sa shiguwa saboda 'yan bindiga. Tsoho ya rasu, sanin ya bi shi kabari.

To mene ne darasin farko?

Suna. Mutane suna raina wannan, alhali a nan ake mutuwa.

Itace ɗaya yana da suna uku ko huɗu. Abin da Bakano yake kira darbejiya, wani dogon yaro yake ce masa, wani bedi, wani maina. Hano da ararrabi abu ɗaya ne. Sanya ita ce uwar magunguna. Wannan da sauƙi. Mai haɗarin shi ne akasinsa, wato suna ya yi kama amma tsiron daban. Madaci katon itace ne. Madacin ƙasa kuwa, wanda wasu ke kira duman dutse, tsiro ne mai yaɗo, ɗaci kawai ya haɗa su, kuma yana cikin dangin tsirran da aka tabbatar suna ɗauke da guba mai lalata ƙoda da jawo ciwon daji a mafitsara.

Ba a nan kaɗai ake irin wannan kuskure ba. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, mata sama da 100 sun samu ciwon ƙoda, da yawansu ƙodar ta mutu gaba ɗaya, bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwar da aka kawo daga ƙasar Sin. Da aka bincika sai aka gano an musanya saiwar da ake nufi da ta wani ɗan'uwan madacin ƙasa, saboda sunayensu sun yi kama a harshen Sinanci. A Turai ke nan, da likitoci da ɗakunan gwaji. Ina ga garin magani da aka ƙulla a leda, babu ganye babu fure, aka ce maka "sunansa kaza"?

Shi ya sa a taro na ƙwarai ake koyar da adana samfuri. A yanko reshe da ganyensa da furensa ko 'ya'yansa, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako har ya bushe, a rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa da garin da ranar. In an kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a, za su faɗi sunansa na kimiyya wanda ba ya canzawa daga Maraɗi har Yola. Wannan aiki ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Wani likita ɗan Sikotland mai suna Dalziel, da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, kuma sunansa ne aka liƙa wa ararrabi a kimiyyance, Boswellia dalzielii. Abin da ban haushi kaɗan: waɗanda suka nuna masa itacen ba wanda ya san sunansu.

Me ya haɗa magani da kare itatuwa? Ba aikin ma'aikatan gandun daji ba ne?

Dubi tabarmar mai magani a Kasuwar Kurmi ko kowace kasuwar ƙauye. Ganye kaɗan ne. Yawanci sassaƙe ne da saiwa, kuma su ne sassan da ɗibarsu ke kashe itace.

Dalilin a fili yake. Abincin da ganye yake haɗawa da hasken rana, ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ta wannan farin laushin da ke manne da jikin katako. In aka sassaƙe gefe guda, abincin zai ratsa ta ɗaya gefen, raunin ya rufe a hankali. In aka zagaye gindin kaf, an yanke wa saiwa abinci ke nan. Itacen zai iya yin shekara da ganyensa shar, mai gona bai san an gama da shi ba, sai wata bazara ya ƙi toho. Saiwa kuwa ta fi muni. Sanya saiwarta ake so, mai ƙamshin nan kamar na man zafi, don haka tone ta ake yi, kuma ba ta da saurin tsirowa daga iri.

Ba masu magani ne kaɗai ke da laifi ba, ba su ne ma kan gaba ba. Masu gawayi sun cinye ƙirya da marke. Masu katako sun far wa madobiya, wadda a Taraba ake kira madrid, ana lodin ta zuwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2022 aka ƙara da madaci da kawo. Sai noma da ke cin daji, sai fari. Amma mai gawayi in ƙirya ta ƙare zai koma wani icen, wuta wuta ce. Mai magani ba shi da wannan zaɓi. In babu ararrabi, babu. Daga nan ne ake fara algus, a haɗa ɓawon da ya yi kama a sayar, mu koma matsalar suna da muka baro.

Yaya ake ɗiba ba a kashe ba?

Na taɓa bin wani dattijo daji neman sassaƙen marke. Da muka isa sai ya zagaya itacen, ya wuce shi, ya ce wannan an riga mu, bai warke ba. A na biyu ya yi bismilla, ya fere tsiri guda a tsaye ta gabas, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, ya koma ta yamma ya fere wani, sannan ya damƙo jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shafe wuraren. Na ce, "Baba, me ya sa sai gabas da yamma?" Ya ce, "Haka muka taras, yaro. Nan ne maganin yake." Ko maganin yana can ko ba ya can, kudu da arewa sun tsira, itacen ya rayu. Masana gandun daji da ke kula da itatuwan da ake sayar da ɓawonsu a Kamaru kusan abin da suke koyarwa ke nan: ɓangarori biyu masu fuskantar juna, sannan a bar itacen shekaru ya huta.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Saiwar gefe ake yanka, ba uwar ba, a mayar da ƙasa. Ba a taɓa ƙaramin itace. In ganye ko ƙananan rassa za su yi aikin, a bar ɓawo. A ɗebi abin da za a iya shanyawa, don da yawa daga abin da 'yan kasuwa ke lodowa a buhu ruɓewa yake yi.

Ba a iya shuka su ne?

Ana iyawa, kuma kowane da halinsa. Ararrabi in ka sari reshe ka kafa yana kamawa, shi ya sa ake shinge da shi. Irin bagaruwa da na ɗorawa ƙwaryarsu tauri gare ta, sai an jiƙa a ruwan zafi. Irin madaci ba ya jure ajiya, 'yan watanni ya mutu. Kaɗanya kuwa sai mai haƙuri, takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'ya.

Amma darasi mafi girma daga Nijar ya zo, kuma ba shuka ba ne. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu tana raye. Maimakon a share tas, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo aka fi ambata, amma sabara da kalgo da aduwa da magarya duk suna ciki, kuma duk kayan aikin mai magani ne. Magani a gonar yaro ke nan a zahiri. Ba kuɗi, ba ban ruwa, sai wuƙa da tsare awaki.

In na faɗi abin da na sani, masu bincike ba za su kwashe su yi kuɗi da shi ba?

Tsoron yana da tushe, kuma ya kamata a tattauna shi a fili a kowane taro. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce ba a ɗaukar ilimin al'umma sai da yardarsu da kuma rabon amfani. A gida ma akwai misali. Maganin sikila na Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasar Yarbawa ya fito, Rabaran Paul Ogunyale. NIPRD ta rubuta yarjejeniya da shi, kuma sunansa yana cikin takardar mallakar da aka samu a 1998. Uku daga cikin kayan haɗin huɗu duk Bahaushiya ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi. Daga baya aka ba wani kamfanin Amurka izinin sarrafawa, ya karye, maganin ya yi wuyar samu. Ba a ce komai ya tafi daidai ba, amma an sa hannu a takarda kafin a buɗe baki, kuma wannan kowa yana iya nema.

Wanda ya yi taron kwana uku aka ba shi takardar shaida, ya zama mai magani?

A'a. Takardar halarta ce, ba izinin duba marasa lafiya ba. Haka lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, mai harafin L a ƙarshe da kake gani a kwalaben maganin gargajiya: an duba ne cewa ba ya cutarwa nan take, ba a tabbatar yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da mai lasifika yake lissafawa ba.

Misalin zazzaɓin cizon sauro ya isa. Maganin da ake bayarwa a asibiti yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi, aikin Tu Youyou 'yar ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma magani mara ƙarfi koya wa ƙwayar cutar jurewa yake yi.

Ta yaya zan gane taron da ya cancanci kuɗin motata?

Tambayi ko za a fita daji ko gona. Tambayi su wa za su yi magana: in babu mace ko ɗaya, alhali dauri da jiƙon jego da maganin goyo duk a hannun mata suke, an bar rabin ilimin a gida. Dubi ko akwai ma'aikacin lafiya da zai ce "wannan kam asibiti" ba tare da an yi masa ihu ba. In teburin sayar da kwalabe ya fi wurin zaman ɗalibai girma, kasuwa ka zo.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi dacewa, lokacin ciyayi suna da fure da 'ya'ya, ana gane su, ana kuma samun irin da za a raba. Ka tafi da littafi, da tsofaffin jaridu, da buhunan takarda na zuba iri, ba leda ba, don leda gumi take sa shi ya ruɓe kafin ka iso gida.