Austin Bradford Hill

Sir Austin Bradford Hill (8 ga Yuli 1897 zuwa 18 ga Afrilu 1991) Bature ne ɗan Ingila, masanin ƙididdigar lafiya, wato ilimin auna cuta da magani da alƙaluma. Shi ba likita ba ne, bai taɓa rubuta wa majiyyaci magani ba, amma shi ya koya wa likitocin ƙarni na 20 yadda za su gane ko magani yana aiki da gaske, da yadda za su gane abin da ke haddasa cuta. An fi saninsa da gwajin maganin tarin fuka na 1948 da binciken da ya danganta taba sigari da ciwon dajin huhu.

Tasowarsa

An haife shi a Landan. Mahaifinsa, Sir Leonard Hill, fitaccen masani ne a kan yadda gaɓoɓin jikin ɗan Adam ke aiki, shi ma ɗan ya taso da burin zama likita. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya katse masa hanzari. Ya shiga sashen jiragen sama na sojan ruwan Birtaniya a matsayin matuƙi, aka tura shi wajejen Girka, a 1917 kuwa tarin fuka ya kama shi, aka komo da shi gida ana ganin ba zai tashi ba. A wancan zamani babu maganin cutar sai kwanciya da iska mai kyau. Ya yi shekaru yana jinya, ya kuma tashi, sai dai jikinsa ba zai ɗauki wahalar karatun likita ba. Daga gida ya karanta tattalin arziki, ya sami digirin Jami'ar Landan a 1922.

Wanda ya ja shi cikin ƙididdigar lafiya shi ne Major Greenwood (Major sunansa ne na yanka, ba muƙamin soja ba), wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin mahaifinsa. Hill ya fara da nazarin rashin lafiyar ma'aikata: masu saƙa a masaƙun auduga na yankin Lankashaya da ke Ingila, ma'aikatan ɗab'i, ma'aikatan motocin haya na Landan. A 1933 ya zama babban malami a Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, a 1945 ya gaji kujerar farfesa ta Greenwood.

A 1937 ya rubuta jerin maƙalu a mujallar Lancet, aka tattara su a littafin Principles of Medical Statistics, wanda aka yi ta sake bugawa fiye da shekara 50. Sirrin littafin sauƙinsa ne. Hill ya san likitoci ba su ga-maciji da lissafi, sai ya bi da su sannu, da misalai daga asibiti. Daga baya ya ce da gangan ya ƙi kawo maganar rabon majiyyata ta hanyar ƙuri'a a lokacin, don kada ya firgita su.

Gwajin maganin tarin fuka

Matsalar da ya sa a gaba tsohuwa ce. Idan likita ne zai zaɓi wanda za a ba sabon magani, zuciyarsa za ta karkata, ko ya sani ko bai sani ba: ya ba mai alamun warkewa, ko ya ba wanda ya fi tausaya wa. A ƙarshe ba a san ko magani ne ya warkar ko zaɓin likita ba. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya riga ya warware irin wannan a gonakin gwaji tun shekarun 1920, ta hanyar raba filaye da ƙuri'a. Hill ne ya shigo da dabarar ɗakin majiyyata, inda ta fi wuyar karɓuwa, don mutum ba fili ba ne.

Dama ta samu a 1946. Sabon maganin sitireftomaisin ya fito daga Amurka, Birtaniya kuwa kaɗan ta iya saya, ba zai ishi masu bukata ba ko ta yaya aka raba shi. Hill ya kafa hujja da cewa tun da dole wasu su rasa, rabon ƙuri'a ya fi adalci, zai kuma bayyana gaskiyar maganin. Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta shirya gwajin ƙarƙashin kwamitin da Geoffrey Marshall ya shugabanta. Hill ya tsara rabon da lambobin da aka ɗebo kara-zube, aka rufe su cikin ambulan a ofishi guda, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majiyyaci. Masu duba hotunan ƙirji ma ba a gaya musu wa ya sha magani ba.

Majiyyata 107 ne, duk matasa. An ba 55 maganin tare da kwanciya, 52 kwanciya kaɗai. Bayan wata shida, mutum 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. An buga sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya a 1948. Gwajin ya kuma tona abin da ba a so ji ba: ƙwayoyin cutar suna saurin bijire wa maganin, bayan 'yan shekaru ratar ta ragu ƙwarai. Wannan ne ya kai ga haɗa magunguna fiye da ɗaya, wanda har yau a kansa jinyar tarin fuka take. Akwai abin da ba za a yarda da shi ba a yau: ba a sanar da majiyyatan cewa suna cikin gwaji ba, kuma Hill kansa bai ga neman izini a matsayin wajibi a kowane hali ba. A nan dai duniyar likitanci ta wuce shi, kuma ta yi daidai.

Taba da ciwon dajin huhu

Tsakanin 1922 da 1947, masu mutuwa da ciwon dajin huhu a Ingila da Wales sun tashi daga 612 zuwa 9,287 a shekara. An zargi hayaƙin motoci, an zargi kwaltar tituna. Hill ya ɗauko wani matashin likita, Richard Doll, suka sa aka yi wa majiyyata tambayoyi a asibitoci 20 na Landan. A rahotonsu na 1950, cikin maza 649 masu cutar, 2 kacal ne ba su shan taba. Cikin maza 649 masu wasu cututtuka, 27. A shekarar ce Ernst Wynder da Evarts Graham suka fitar da makamancin wannan a Amurka.

Aka ce ai majiyyaci yana iya kuskuren tuna baya. Sai Hill ya juya binciken ya fuskanci gaba. A 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya kusan 60,000 takardar tambaya a kan shan taba, fiye da 40,000 suka amsa, sannan aka zauna jiran abin da zai kashe kowa. Zaɓen likitoci basira ce: sunayensu na cikin rajista, ba su ɓacewa, kuma idan suka gamsu, su ne za su gaya wa jama'a. Rahotannin 1954 da 1956 sun nuna mutuwar tana ƙaruwa daidai da yawan karan da ake sha. Doll da abokin aikinsa Richard Peto sun bi waɗannan likitoci shekara 50, rahoton 2004 ya nuna mai shan taba na rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa.

Babban mai adawa shi ne Fisher ɗin nan, wanda ya dage cewa wataƙila gado ne ke jawo sha'awar taba da cutar gaba ɗaya. Hill bai cika yi masa raddi a fili ba. Ya bar alƙaluma su taru, har Kwalejin Likitoci ta Landan a 1962 da Babban Likitan Amurka a 1964 suka amince.

Jawabin 1965

Wannan gardama ce ta haifi rubutunsa da aka fi ambata. Ba a iya tilasta wa rabin jama'a shan taba don gwaji, to yaushe za a ce abu sanadi ne, ba haɗuwa kawai suka yi da cuta ba? A jawabinsa ga Ƙungiyar Likitoci ta Masarauta a 1965 ya kawo fuskoki 9 na dubawa. Daga ciki akwai ƙarfin alaƙar, maimaituwarta a wurare da lokuta dabam-dabam, gabatar sanadi kafin cuta, ƙaruwar cuta da ƙaruwar abin da ake zargi, da raguwarta idan an kawar da shi. A yau ana kiransu ma'aunan Bradford Hill, wasu masu bincike suna bin su ɗaya bayan ɗaya kamar jadawalin cika takarda. Wannan saɓa wa mai su ne. Ya faɗa a fili cewa babu ɗayansu da yake hujja yankakkiya, ya yi gargaɗi a kan dogaro da gwajin lissafi shi kaɗai, ya kuma ce ƙarancin ilimi ba uzuri ba ne na ƙin aiki da abin da aka riga aka sani. Wannan ɓangare na jawabin ya fi jerin tara ɗin amfani, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Ya shugabanci Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Masarauta daga 1950 zuwa 1952, aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarauta a 1954, aka ba shi sarautar Sir a 1961, shekarar da ya yi ritaya. Ya rasu a yankin Kambiriya da ke arewacin Ingila yana da shekara 93, kusan shekara 74 bayan an dawo da shi gida daga yaƙi da tarin fuka.