Lungun da ba ya bushewa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san irin lungun nan: katanga nan, katanga can, da ƙyar mutum biyu ke gifta juna, rana ba ta leƙa shi sai ta take tsaka. Damina na sauka ya koma caɓi, tsofaffi su riƙa dafa bango kafin su kai masallaci.

Me ya sa unguwa ke bushewa, lungun kuwa ya ƙi?

Ɗaga kai ka dubi sama kafin ka zargi ƙasa. Rufin gida biyu ne ke juye ruwansu wuri guda. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne cur. Ke nan rufi mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 30, ya zubo lita 1,500, daga gida ɗaya kawai. Kumasi kuma damina biyu gare ta: babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. Jar ƙasarmu mai yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri. Sannan ga ruwan wanka da na alwala da wanke-wanke da ke tsiyaya ta ɗan bututun gindin katanga. Shi ne ke hana wurin bushewa har cikin hunturu.

To in zuba siminti in huta?

Kada ka fara da shi. Simintin da aka dafe ba gangara, a inuwa, gansakuka yake yi, santsinsa ya fi na laka haɗari. Ya kuma tura ruwan gindin katanga, danshi ya hau bango, fenti ya ɓare, filasta ta riƙa zuba. Fara da indararo a bakin rufi, ka haɗa shi da bututu zuwa tanki ko gota. Ruwan wanka ma a ba shi nasa bututun har bakin gota. Sau da yawa wannan kaɗai ya kashe rabin matsalar, kuɗinsa kuma bai kai na daɓe ba.

Bayan nan fa, ƙasar yaya za a yi da ita?

A kwashe taɓon har a tarar da ƙasa mai ƙarfi. A ba wurin gangara ta santimita 2 a kowace mita, daga katangun biyu zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa bakin lungu. Idan ƙasar na riƙe ruwa sosai, a haƙa rami a tsakiyar, zurfin santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da bututun roba mai inci 4 wanda aka huhhuda, ramukan na kallon ƙasa, a rufe da tsakuwa. Kada ramin ya matso tushen gini, musamman tsofaffin gidajen ƙasa. A sama a jera falalen siminti ko bulon daɓe, a cika tsakaninsu da tsakuwa don ruwa ya samu hanyar nutsewa. Abin da ya fi komai: bakin bututun ya fi gota tudu. In ba haka ba, ranar da gota ta cika, lungunka za ta dawo.

Yashi ko buhunan ƙasa ba su isa ba?

Na mako biyu ne. Yashi gauraya yake da yumɓu, ruwan farko ya kwashe shi ya je ya toshe gota.

Akwai abin da zai tsiro a wurin?

Ciyawa dai a haƙura, tana son rana. Makani yana jure inuwa da laima, shi ya sa ake ganinsa a gonakin koko, ga ganyensa, wato kontomire, na miya. Amma a shuka shi cikin bokiti ko buhu mai huda, ba a jikin bango ba, ba kuma inda ruwan wanka ke bi ba.

Idan maƙwabci ya ce ba ruwansa?

Nan aikin ya fi wuya, domin ko ka gyara naka rufin, nasa na nan yana zuba. Ka same shi a natse, ka ce: "Alhaji, sauron nan ba ya tambayar gidan wa zai shiga." Gaskiya ce kuwa: cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ke zama sauro a ruwan da ya kwanta, zazzaɓin kuma yaran gidajen biyu yake kwantarwa. In bai ji ba, a sa liman ko mai unguwa a tsakani kafin a kai ga asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma. Ɗan haya kuwa ya nemi iznin maigida kafin ya taɓa ƙasa.

Yaushe ya fi dacewa a yi aikin?

Tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe. Amma tun damina ka fita ana tsaka da ruwa, ka ga inda yake zubowa da inda yake kwanciya, ka yi alama a bango, don birkila ya san inda zai karkata gangararsa.