Waiwaye: Daga Mario zuwa Fallout, rigimar riƙon amanar gem a talabijin

A watan Maris na 2022 ne Paramount+ ya fara haska Halo, shiri mai dogon zango da aka ɗauko daga gem ɗin da ya fito a na'urar Xbox tun 2001. Kafin kashi na farko ya ƙare, jarumin labarin, Master Chief, ya sa hannu ya cire kwalkwalinsa, fuskar ɗan wasa Pablo Schreiber ta bayyana. Wanda bai san gem ɗin ba, ko a jikinsa. Amma waɗanda suka shafe shekara ashirin suna leƙen wannan duniya ta cikin kwalkwalin nan, ba a taɓa buɗe musu fuskar gaba ɗaya ba, sai suka ce an ci amanarsu. An rufe fuskar ne tun asali domin duk wanda ya riƙe fad, wato abin sarrafa gem, ya ji cewa shi ne a ciki. Mashirya sun yi bayani cewa labarinsu yana kan wata hanya dabam da ta gem, har suna suka ba ta, Silver Timeline. Bayanin bai kwantar da ƙura ba, kuma a Yulin 2024 aka dakatar da shirin bayan zango biyu.

Rigimar ta girmi Halo nesa ba kusa ba. A 1989 an riga an fara haska katun na Mario da na Zelda a gidajen talabijin na Amurka, amma a lokacin ba wanda ya damu da bin asali, domin talla ce ake yi wa yara, kuma su kansu gem ɗin labarinsu bai wuce jimla biyu ba: an sace gimbiya, je ka ceto ta. Inda aka fara jin ciwo shi ne 1993, da fim ɗin Super Mario Bros. ya shiga sinima. Bob Hoskins ya fito a Mario, amma maimakon ƙasar nan mai launuka da yara suka sani, sai ga wani birni mai duhu da ƙazanta. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba. Mario bai sake taka sinima ba sai bayan shekara talatin, a 2023, kuma a wannan karon mahaliccinsa Shigeru Miyamoto yana cikin furodusoshi. Wannan na biyun ya tara sama da dala biliyan 1.3.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu, al'adar Hollywood ita ce a sayi sunan gem a zuba masa labarin da aka ga dama. Finafinan Resident Evil guda shida da aka yi daga 2002 zuwa 2016 sun rataya ne a wuyan Alice, wadda Milla Jovovich ta fito a matsayinta, alhali babu Alice a ko ɗaya daga cikin gem ɗin kamfanin Capcom. Gaskiyar da masu kukan cin amana ba sa son a tuna musu ita ce, finafinan sun tara fiye da dala biliyan ɗaya a haɗe. Muddin kuɗi na shigowa, furodusa ba shi da dalilin sauraron 'yan gem.

A Japan abin ya bi wata hanya tun da wuri. Gem ɗin Pokémon ya fito a 1996, katun ɗinsa ya fara a TV Tokyo a Afrilun 1997, ya ƙirƙiri yaro mai hali nasa, ya ɗauko Pikachu daga cikin halittu 151 ya mai da shi tauraro. Da shirin ya karɓu, sai aka fitar da Pokémon Yellow a 1998, gem da aka gyara domin ya dace da katun. Wato ɗa ne ya juyo ya sauya wa uba kamanni, kuma ba a ji kuka ba, saboda masu gem da masu shirin suna aiki kafaɗa da kafaɗa.

Wannan darasi ya ɗauki Amurka wajen shekara ashirin kafin ya shige ta, kuma ta ƙofar talabijin ya shiga. Dalili na farko lokaci ne: gem mai labari yakan ci awa goma sha biyar ko fiye, fim kuwa awa biyu ne, amma shiri mai dogon zango yana da sarari. Na biyu, Netflix da Amazon da HBO suna gasar neman sunayen da ke da mabiya tun kafin a kunna kyamara. Castlevania ya buɗe hanya a Netflix a 2017. Arcane ya biyo baya a Nuwamban 2021, kuma kamfanin Riot Games mai League of Legends, gem ɗin da aka ɗauko shirin daga cikinsa, shi ya riƙe aikin da kansa tare da ɗakin zane na Fortiche da ke Faris. Shirin ya ci kyautar Emmy a 2022. Arcane ya sake rubuta tarihin 'yan'uwan nan mata biyu, Vi da Jinx, sosai da sosai, amma 'yan gem suka rungume shi. Cyberpunk: Edgerunners na 2022 kuwa sababbin mutane ya kawo cikin birnin gem ɗin, ya kuma jawo dubban mutane suka koma buga Cyberpunk 2077, wanda ya fito a 2020 cike da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta na wani lokaci. A 2022 ɗin dai Netflix ya fitar da nasa Resident Evil, wanda ya mai da hankali kan wasu 'ya'ya mata da aka ƙirƙira wa Albert Wesker, ɗaya daga cikin miyagun gem ɗin, aka soke shi bayan zango ɗaya.

Idan aka jera waɗannan, za a ga yawan canji ba shi ke raba wanda aka yafe wa da wanda aka tsine wa ba. A ganina abin da 'yan gem ke karewa shi ne abin da hannunsu ya aikata. Mai buga gem mahayi ne, linzami na hannunsa. Mai kallon talabijin ɗan kallon hawa ne a bakin titi. Duk shirin da ya karɓe linzamin nan, dole ya biya da wani abu mai nauyi daidai da shi.

The Last of Us ne ya fi kowa fahimtar haka. HBO ya fara haska shi ran 15 ga Janairun 2023, da Pedro Pascal a matsayin Joel, Bella Ramsey a matsayin Ellie. Craig Mazin, marubucin shirin Chernobyl, ya yi aikin tare da Neil Druckmann, wanda shi ya rubuta gem ɗin na 2013. Sun canza abubuwa da yawa. A gem, cutar naman gwarin da ta rushe duniya tana yaɗuwa har ta iska, shi ya sa ake sa takunkumin fuska. A zangon farko na shirin an cire wannan, aka mai da ita wasu zare-zare masu fitowa daga bakin masu ciwon. An dawo da ɓarkewar annobar daga 2013 zuwa 2003. An ɗauke labarin Henry da ƙanensa Sam daga Pittsburgh zuwa Kansas City, aka mai da Sam kurma, abin da ya ƙara wa dogaronsa ga yayansa nauyi. An kuma rage faɗa ƙwarai, domin kisan da ke riƙe hankalin mai bugawa na tsawon awanni gundura yake zama ga mai kallo. Amma ƙashin bayan labarin, wato Joel, uban da ya rasa 'yarsa ya sami wata, Ellie, ya zaɓe ta a kan sauran duniya, ba a taɓa shi ba.

Zango na biyu, a Afrilun 2025, shi ya nuna iyakar dabarar. A gem na biyu da ya fito a 2020, wata budurwa mai suna Abby ta kashe Joel tun farko-farko, mai bugawa bai san dalilinta ba, ya yi awanni yana farautarta da ƙiyayya a zuci, sannan kwatsam a miƙa masa ita a ce ya buga a matsayinta, ya kare ranta da hannunsa. Wannan tilascin shi ne ran gem ɗin. Talabijin ba ta da hanyar tilasta wa mai kallo haka, don haka aka bayyana dalilin Abby tun da wuri domin kada a tsane ta fiye da kima. Na fahimci dalilinsu, amma an yi asara, kuma asara ce da mahaliccin labarin yana zaune a ɗakin aka yi ta. Druckmann ya sanar da barin shirin a Yulin 2025.

Fallout, wanda Amazon ya fitar a Afrilun 2024, ya kauce wa tarkon ta wata hanya. Bai maimaita labarin ko ɗaya daga cikin gem ɗin da aka faro tun 1997 ba. Ya ƙirƙiri Lucy, budurwar da ta fito daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa zuwa kufan Los Angeles a shekarar 2296, kuma kamfanin Bethesda mai gem ɗin ya ce abin da ya faru a shirin yana cikin tarihin gem ɗin. Wannan amincewa tana da tsada. An nuna wani allo a wani aji ɗauke da shekarar 2277 kusa da faɗuwar birnin Shady Sands, cibiyar wata ƙasa a gem ɗin mai suna Jamhuriyar Sabuwar Kaliforniya, nan take masoya Fallout: New Vegas suka ce lissafin ya ci karo da gem ɗinsu da ke faruwa a 2281, har sai da Todd Howard na Bethesda ya fito ya ce ba a share New Vegas daga tarihi ba. Rigima kan lamba ɗaya a jikin allo tana nuna irin zurfin da mutanen nan suka yi cikin wannan duniya, kuma ban ga abin raini a cikinta ba.

Zango na farko ya ƙare ne da nuna birnin New Vegas daga nesa, na biyu kuma ya fara a Disamban 2025 a can. Gem ɗin New Vegas na 2010 yana da manyan ƙarshe huɗu: mai bugawa na iya miƙa birnin ga Jamhuriyar Sabuwar Kaliforniya, ko ga rundunar Caesar, ko ga Mr. House, ko ya riƙe wa kansa. Miliyoyin mutane sun zaɓa, kowa da nasa. Labarin shirin yana zuwa ne shekara 15 bayan wannan zaɓi, kuma duk wanda kyamara ta nuna yana mulkin birnin, an gaya wa sauran kashi ukun ke nan cewa abin da suka yi da hannunsu bai faru ba.