Waiwaye: Yadda Kasuwar Duniya ta Shigo Fadamar Shinkafar Kebbi

Duk wanda ya tsaya a bakin fadamar Argungu ko ta Suru a watan Maris, lokacin da shinkafar rani ta yi kore shar, zai iya ƙirga ƙasashe da dama a cikin gona guda. Injin ban ruwan da ke ruri a bakin rijiya yawanci ƙirar Sin ne, sinadaran da aka haɗa takin NPK da su sun ratso teku daga Maroko da Rasha, irin da aka fi shukawa kuwa, wanda manoma ke kira Sipi, hukuma kuma take kira FARO 44, asalinsa daga Taiwan ne. Idan an yi girbi, abin da ɗan kasuwa zai taya buhun samfarera a Jega ko Kamba ya rataya ne a kan darajar naira da kuma shawarar da gwamnatin Indiya ta yanke game da fitar da shinkafarta. Wannan shi ne abin da masana ke kira dunƙulewar duniya, kuma ba rana ɗaya ya sauka a ƙasar Kabi ba.

Hasali ma, hulɗa da nesa ba baƙon abu ba ne a nan. Tun ƙarni na 16, lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga daular Songhai ya kafa Surame, ƙasar Kabi tana tsakiyar hanyoyin fatauci. A ƙarni na 19 kasuwar Jega na cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato kuma suna ratsa wannan yanki, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su bi ta ƙasar Bargu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma, fatun jajayen awakin Sakkwato suna ƙetare Sahara har su isa Turai da sunan fatar Maroko. Ita kanta shinkafa, jar nan ta gargajiya, an daɗe ana nomanta a kwarin Gulbin Kabi kafin zuwan Turawa. Abin lura a wancan zamani shi ne, madugu da fatoma da dillali suna ganin juna ido da ido, kuma ana yanke farashi a inda kayan suke, gwargwadon damina da lafiyar hanya.

Mulkin mallaka ya sauya wannan ta fuska biyu. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyar ƙasar Dandi, Kamba ta faɗo Najeriya, Gaya ta faɗa Nijar, wani yankin kuma ya shiga Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Dangi ɗaya suka wayi gari da kuɗi iri biyu da doka iri biyu, abin da kakanninsu ke kira fatauci ya koma fasa-ƙwauri a takardun kwastam. Sannan jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, ya kai Gusau da Kaura Namoda a 1929, bai taɓa zuwa Birnin Kebbi ba, saboda gyada da auduga Turawa ke nema. Shinkafar Kabi ta ci gaba da zama abincin gida da na kasuwannin kusa.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka fara gwama ta da shinkafar wasu ƙasashe. Naira ta fi dala daraja a lokacin, birane suna cika, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, sai jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafar Amurka da ta Tailan a Legas, tsaf da ita, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi. Uwargidan da ta saba zama da faifai tana tsintar tsakuwa ta ga sauƙi, kuma daga nan ɗanɗanon mutanen birni ya sauya, har shinkafa 'yar waje ta zama ta biki da ta baƙo, 'yar Hausa kuma ta zama ta wanda bai da hali. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na juyin noma na Shagari a 1980 ba su juya wannan akala ba. Da farashin mai ya faɗi, kuɗin waje suka yi ƙaranci, gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a watan Oktoban 1985, a shekarar da ta biyo baya kuma ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda ya karya darajar naira, ya rushe hukumomin sayen amfanin gona. Manomi ya sami kariya daga shinkafar waje, amma duk abin da yake saya daga waje ya yi tsada. Wannan tufka da warwara ita ce za ta riƙa maimaituwa har yau.

A cikin shekarun haramcin ne aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a ranar 27 ga Agustan 1991, kuma a farkon shekarun 1990 ɗin ne shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa masu shan fetur. A ganina ba a ba wannan sauyi muhimmancin da ya kamata a tarihin jihar. Shi ne ya mayar da noman rani sana'ar talaka, ya ba shi damar noma sau biyu a shekara ba tare da jiran madatsar ruwa ta gwamnati ba, amma shi ne kuma ya ɗaure gonarsa da gidan mai. Daga ranar da shinkafa ta fara shan fetur, farashinta ya daina zama maganar damina kaɗai.

An ɗage haramcin a 1995, shekarar da Najeriya ta zama mamba a Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, aka maye gurbinsa da haraji mai hawa da sauka. A nan ne tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta shigo labarin. Jamhuriyar Benin tana karɓar haraji kaɗan a kan shinkafa, kuma duk da cewa mutanenta ba su kai na Jihar Kano yawa ba, kuma ba turararriyar shinkafa suka fi ci ba, ta kai ga zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen turararriyar shinkafar Tailan a duniya. Kowa ya san inda buhunan ke ƙarewa. Tirela tana ɗauko su daga Kwatano zuwa Malanville da Gaya, daga nan a rarraba su a kwale-kwale da babura da ƙananan motoci, su shigo ta wajen Lolo da Dole Kaina da Tsamiya da Kamba. Ta haka jihar da ke cikin manyan masu noman shinkafa a ƙasar ta zama kuma ɗaya daga cikin ƙofofin shigowar kishiyarta, kuma ba abin mamaki ba ne a sami gida ɗaya, wa yana noma a fadama, ƙane yana ɗauko 'yar waje a kan babur. Kowannensu abincin iyalinsa yake nema, kuma bambancin harajin ƙasashe biyu ne ya buɗe wa ƙanen sana'a.

Babban yunƙurin juya lamarin ya zo a 2015. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya hana ba da kuɗin waje a farashin hukuma ga masu shigo da kayayyaki 41, shinkafa na ciki, a watan Nuwamba kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, inda ake ba manomi iri da taki da injin ban ruwa bashi, ya biya da samfarera. A ƙarshen 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi, ƙarƙashin Akinwunmi Ambode da Atiku Bagudu, suka fito da shinkafar Lake Rice. A 2017 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa suka koma gona, hayar fadama ta tashi, kuma shinkafar gida ta riƙa fitowa a buhu mai tambari, ba tsakuwa, tana gogayya da 'yar waje a kantunan kudu. Ko a nan ma jari da injuna da ƙwararrun da ke gyara su, da yawansu daga waje suka zo, don haka ba a rufe wa duniya ƙofa ba, an dai sauya abin da ake saye daga gare ta. Rancen kuwa ya bar baya da ƙura, domin da yawa sun ɗauke shi a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, wasu kuma ambaliya ta cinye gonakinsu, musamman ta 2020 da ta shafe fadamun jihar ana dab da girbi.

A watan Agustan 2019, wata ɗaya kacal bayan Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Manomin shinkafa ya ji daɗin farashi, amma mai albasar Aliero da mai kifi da mai dabbobi da duk wanda cinikinsa na halal ke bi ta Gaya sun ji a jikinsu. An buɗe wasu iyakokin a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022, ba ta kuma daɗe a buɗe ba juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka sake rufe ta har zuwa Maris ɗin 2024.

Tsakanin 2022 da 2024 komai ya taru wa manomi lokaci guda. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga kuɗin taki a duniya. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kuma mai noman rani yana buƙatar ta kusan kullum har shinkafa ta nuna. An saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta taƙaita fitarwa a 2023, farashi ya tashi a duniya, buhu ya gagari mai albashi a Najeriya. Gwamnatin da ke fuskantar kukan yunwa a birane ta cire shinkafa daga jerin kayan da aka hana wa kuɗin waje a Oktoban 2023, a Yulin 2024 kuma ta sanar da yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150. Ana cikin haka Indiya ta janye takunkuminta, farashin duniya ya faɗi, kuma a 2025 manomin da ya sayi taki da fetur da tsada ya tarar samfarera ta karye a kasuwa, masu injinan sarrafawa kuma suna kukan cewa shinkafar waje ta fi tasu araha.

Ba za a ga laifin mai saye da ya yi murna da sauƙin farashi ba, kuma gaskiya ne cewa kariyar shekaru takwas ba ta sauko da kuɗin noman buhu guda zuwa abin da manomin Indiya ke kashewa ba, shi da gwamnatinsa ke tallafa masa a taki da wutar ban ruwa. Sai dai a nawa lissafin, abin da ya fi cutar da mai jari a Kebbi bai wuce yawan sauya doka ba. Wanda ya ci bashin banki ya kafa injin casa yana lissafin shekaru goma ne, alhali daga 1985 zuwa yau an hana shigo da shinkafa, an buɗe, an ɗaga haraji, an sauke, an rufe iyaka, an buɗe, an yafe haraji, ba tare da an ba shi wa'adin da zai shirya ba. Shi ya sa ɗan kasuwar Kamba mai wayo ba ya zuba dukiyarsa wuri ɗaya, yana ajiye wani abu a sefa, wani a hatsi, wani a dabbobi, yana kuma bin farashin dala a wayarsa kafin ya taya kaya.

Manoma ma sun fara nasu lissafin. Wasu sun rage faɗin gonar rani, wasu sun koma albasa da tattasai da alkama, masu hali kuma suna sauya injin fetur da mai aiki da hasken rana don su rabu da gidan mai. Faifan hasken ranar da injin nasa su ma daga Sin ake shigo da su, kuma da dala ake sayo su.