Besikul ba ƙwai ba ne

Tunda zafi ya kama aka shiga maganar sanƙarau, kalmar "besikul" ta faɗa bakin masu sharhin lafiya. Shekaranjiya na ji wani a rediyo yana cewa wai ƙwai ne da bakteriya ke sakawa a jinin mutum ya ƙyanƙyashe. Haba malam! Bakteriya ai ba kaza ba ce. Rabuwa gida biyu take yi, haihuwarta ke nan.

Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta 'yar ƙaramar mafitsara. Wanda ya taɓa ganin yara ranar layya sun wanke mafitsarar rago, sun hura, sun ɗaure bakin da zare, ya riga ya ga siffar abin. Bakteriya mai fata biyu, irin ta kwalara da ta sanƙarau, fatar wajen ce ke kumburowa ta gefe guda, ta tsuke daga gindi, ta ɓalle ta tafi da kayan da ke cikinta; wannan 'yar jakar ita ce besikul. Galibi faɗinta nanomita 20 zuwa 250 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), sai madubin ilektiron ke iya gano ta. Masana kimiyya Chatterjee da Das sun bayyana haka a jikin ƙwayar kwalara a Indiya a 1967, amma an daɗe ana yi wa abin kallon tarkace.

Ina tarkace? Aike ne. Wata jakar guba ke ciki, wata sinadarin da ke farfasa penisilin tun kafin ya iso, wata guntun DNA za ta kai wa maƙwabciya. Wadda ta fi burge ni, Allah ya gani, ita ce ta yaudara: bairos mai cin bakteriya ya zo farauta, ya damƙe jakar, uwar gijiyar ta sulale, kamar ɓarawon da ya jefa wa kare ƙashi.

Da yake jakar ba ta hayayyafa amma tana ɗauke da kamannin uwar, sai aka yi rigakafi da ita. Kyuba ta yi haka a ƙarshen shekarun 1980, Niyu Zilan a 2004, duk don sanƙarau rukunin B, kuma allurar rigakafin da ake kira Bexsero ma na ɗauke da ita. Allurar MenAfriVac da aka yi mana a nan Afirka kuwa, ta rukunin A, da sukarin rigar bakteriyar aka haɗa ta, babu besikul a ciki, balle ƙwai.